Tambayar da Ba a Aron Amsarta

Ƙannena da 'ya'yan ƙannena, musamman ku da kuka tashi a Amurka ko karatu ya kai ku can, da ku na zangunan Ghana da ke harin irin wannan karatu a gida, maganata a yau a kan tambaya ɗaya ce tak. Duk wanda ya nemi gurbi a makarantar horar da mataimakan likitoci, waɗanda ake kira PA a taƙaice, in Allah ya sa aka kira shi intabiyu, sai ya yi karo da ita. Wani malamin kai tsaye zai jefo ta: me ya sa kake son zama PA? Wani sai ya zagayo, ya ce ba mu labarinka, ko ya ce tunda makinka ya kai haka, me ya hana ka tafiya makarantar likitoci? Duk tambaya ɗaya ce. Yaro zai shafe shekara huɗu yana fama da ilmin sinadarai da na sassan jiki, ya tara maki mai kyau, ya yi ta kwanan tsaye a asibiti yana tara awoyin aiki, sannan ya zo ya yi tuntuɓe a nan. Ba ƙarancin Turanci ke kayar da shi ba. Bai taɓa zama ya yi wa kansa tambayar ba sai ranar da wani ya yi masa.

Ku sani kafin ku shiga ɗakin an riga an karanta takardunku. Mafi yawan makarantun nan ta kafa ɗaya ake nemansu, wato CASPA, wadda ke buɗewa wajen ƙarshen watan Afrilu kowace shekara. A can ka zuba makinka, da awoyin da ka yi kana kula da marasa lafiya da hannunka, da wasiƙun waɗanda suka shaide ka, da bayanin kanka wanda ba a yarda ya wuce haruffa 5,000 ba. Da ba su gamsu da kaifin ƙwaƙwalwarka ba, da ba su kira ka ba. Abin da ya rage su sani shi ne ko ka san aikin da kake nema, kuma ko za ka zauna a cikinsa da daɗin rai. Kujerun kaɗan ne, ajin wata makarantar bai wuce mutum talatin ko arba'in ba, karatun kuma wajen wata 27 ne babu sararawa. Wanda aka ba kujera ya tsere a tsakiyar hanya, ko ya gama ya zauna yana cizon yatsa don bai zama likita ba, ya ja wa makaranta asara, ya kuma tare wa wani hanya. Wannan fargabar ce ke sa su tambaya.

To bari mu fara da aikin kansa, don mutum ba ya iya bayyana son abin da bai san tushensa ba.

A shekarar 1965 Dakta Eugene Stead na Jami'ar Duke, a garin Durham da ke jihar Carolina ta Arewa, ya buɗe aji da mutum huɗu. Dukkansu tsoffin ma'aikatan jinya ne na sojan ruwa, mutanen da suka saba ɗinke rauni da ɗaura ruwa da tsayar da jini, amma da suka tuɓe kaki sai aka rasa gurbin da ya dace da iyawarsu a asibitocin farar hula. A daidai lokacin kuma ƙauyukan Amurka na kukan rashin likita, saboda likitoci sun karkata ga ƙwarewa a fanni guda, sun tare a manyan birane. Stead ya ga yadda aka horar da likitoci cikin gaggawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya ɗora manhajar shekara biyu a kan wannan darasi. Uku daga cikin huɗun suka kammala ranar 6 ga Oktoba, 1967, kuma har gobe daga wannan rana ake fara makon karrama masu wannan aiki a Amurka.

Akwai wani mutum da nake so ku riƙe sunansa, domin a ganina labarinsa ya fi na Stead bayyana ruhin aikin. Henry Treadwell, wanda ake wa laƙabi da Buddy, baƙar fata ne da ya yi shekaru masu yawa yana aiki da Dakta Amos Johnson a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Garland a wannan jihar. Bai taɓa zama a ajin likitanci ba. A hannun maigidansa ya koyi aikin, har ta kai idan likitan ya yi tafiya shi ke riƙe wurin, mutanen gari kuma sun yarda da shi. Likitocin Duke sun san da zamansa, kuma irin amanar da ke tsakaninsa da Johnson na cikin abubuwan da suka nuna cewa tsarin zai yiwu. Bayan nan, a 1969, Dakta Richard Smith, wanda ya taɓa aiki a Nijeriya a farkon shekarun 1960 a matsayin likitan ƙungiyar Peace Corps, ya kafa shirin MEDEX a Jami'ar Washington da ke Seattle. Shi ma tsoffin ma'aikatan jinya na soja ya ɗauka, a zamanin yaƙin Biyetnam, ya ƙara musu horo, ya haɗa kowannensu da wani likitan karkara da aiki ya yi wa yawa.

Ba don ku haddace shekaru na kawo wannan ba, ko da yake saninsu ba zai cuce ku ba. Ku lura da abu biyu. Aikin nan don toshe giɓi aka ƙirƙiro shi, inda marasa lafiya suka yi yawa likita ya yi kaɗan. Kuma tun ranar farko, mutanen da aka ɗauka sun riga sun taɓa mara lafiya da hannunsu kafin su taɓa littafi. Shi ya sa har yau makarantu da yawa ke neman ɗaruruwan awoyi, wasu har dubu ɗaya ko biyu, na aikin kula da marasa lafiya kafin su dubi takardarka. Malaman da za su zauna gabanka a wannan gado suka tashi. Abin da hannunka ya yi ya fi musu nauyi a kan abin da zuciyarka ta ji.

A yau makarantun da hukumar ARC-PA ta amince da su sun haura 300, akasarinsu digiri na biyu suke bayarwa, kuma wanda ya gama sai ya ci jarrabawar ƙasa mai suna PANCE kafin wata jiha ta ba shi lasisi. Masu riƙe da shaidar sun haura 170,000, wajen kashi 70 cikin 100 kuma mata ne. PA yana duba mara lafiya, ya gano cuta, ya sa a yi gwaji, ya rubuta magani a duk jihohi 50, ya taya likita a ɗakin tiyata. Yana iya barin sashen gaggawa ya koma na fata ko na ƙashi ba tare da ya sake komawa makaranta ba. Amma aikinsa a haɗe yake da na likita, kuma iyakar abin da zai yi shi kaɗai ya danganta da dokar jiha da tsarin asibitin da yake. Wanda bai haɗiye wannan jimla ta ƙarshe ba, bai shirya wa intabiyu ba.

Yanzu sai amsoshin da ke kayar da mutane. Ta farko ba sai na daɗe a kanta ba: «Ina so in taimaki mutane.» Gaskiya ce, amma malamin firamare ma taimakon mutane yake yi, haka ɗan kwana-kwana, haka direban motar asibiti. Wanda ya shiga kafin kai ya faɗe ta, wanda zai shiga bayanka ma zai faɗa. Ba ta raba ka da kowa ba, ba ta kuma raba aikin PA da sauran ayyuka ba.

Ta biyu ita ce labarin ciwon wani na gida, kuma a nan zan ɗan tsaya, don ita ce ta fi kusa da mu. Da wuya ka sami ɗan Bahaushe da ya tashi a Bronx, ko wani gari na Amurka, da bai taɓa raka mahaifiyarsa ko kakarsa asibiti ya zama tafinta ba. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana tsaye tsakanin Inna da ma'aikacin lafiya, tana neman yadda za ta juya maganar hawan jini ko ta mahaifa zuwa Hausa, wani abin ma kunya ba ta barin ta faɗa. Wannan abu ne na gaske, kuma yawancin waɗanda kuke takara da su ba su da irinsa. Kada ku raina shi. Matsalar ita ce yawancinku a nan kuke tsayawa. Ku ba da labarin ciwon, murya ta yi rawa, ku ce tun daga ranar na san aikin lafiya zan yi, sai ku yi shiru. Malamin da ke saurare zai tausaya, amma a ransa yana cewa: to me ya sa ba nas ba? Me ya sa ba mai haɗa magunguna ba? Kuma daga wannan rana zuwa yau, me kika yi a kai?

Labarin ciwon ya bayyana yadda hankalinki ya fara juyowa. Abin da ya biyo baya shi ne amsar. Ga misali na ƙirƙira, don ku ga yadda nauyin ke raba kansa. Yarinya ta ce:

«Ni ke yi wa mahaifiyata tafinta a asibiti saboda ciwon suga. Wadda ke dubanta PA ce. Ita ce ta fara tambayarmu abin da muke ci a gida, maimakon ta miƙo mana takardar abincin da ba mu ma san shi ba. Da azumi ya matso, ta yi shawara da likitan da suke aiki tare, ta dawo ta gyara mata lokutan shan magani. Wannan ya sa na fara bincike a kan aikinta. Na yi kwas na mai taimakon nas, na yi shekara biyu a gidan kula da tsofaffi. A can wata rana na lura wani tsoho da ya saba yi mini barkwanci ya yi shiru, maganarsa kuma ba ta haɗuwa. Na gaya wa nas, aka kira PA, ta duba shi, aka gano ciwon mafitsara ne ya fara shiga jini. Na iya ganin cewa akwai matsala, amma ban iya sanin mece ce ba, ban kuma iya yin komai a kai ba. Ilmin da zai kai ni mataki na gaba nake nema, kuma na bi PA biyu a wurin aikinsu, ɗaya a asibitin unguwa ɗaya a sashen gaggawa, don in tabbata aikin da nake hange shi ne wanda suke yi.»

Ba ta kai minti biyu ba. Ciwon Inna bai ci fiye da kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran duk abin da ita ta yi ne, da abin da ta gani, da inda iyawarta ta tsaya. Ba ta ce tana da tausayi ba, wanda ya ji labarin tsohon nan ya riga ya sani. Kuma ku lura ba ta ambaci sunan tsohon ko na gidan ba. Dokar sirrin marasa lafiya ta Amurka, wadda ake kira HIPAA, tun 1996 take, kuma wanda ya saki sunan mara lafiya a gaban kwamiti ya nuna musu da bakinsa cewa ba a ba shi amana.

Sai babbar tambayar, wadda a gida ma ba ku tsira daga gare ta ba: me ya sa ba likita ba?

Mu faɗi gaskiya tsakaninmu. A gidajenmu, yaron da ya iya kimiyya likita ake so ya zama. Baba yana so in ya shiga masallaci a ce ga baban Dakta, Hajiya tana so ta faɗa a gidan biki. In ka ce mataimakin likita, sai fuska ta canza, a ce duk wannan karatun don ka zama yaron wani? Da yawa daga cikinku da wannan ciwon kuke shiga ɗakin intabiyu, kuma yana fitowa a magana ko ba ku so. Wani sai ya hau kare kansa, ya ce ai PA ma kusan likita ne, babu wani bambanci. Wani ya ce zai fara da wannan tukuna, in hali ya yi ya wuce gaba. Wannan ta biyun ita ce mafi muni, don ka gaya wa mutanen da suka ba da rayuwarsu ga sana'a cewa sana'arsu wurin yada zango ce a gare ka. Wani kuma ya zaɓi sukar likitoci, wai ba su da lokacin marasa lafiya, wai kuɗi suka sa a gaba. Ya manta cewa kowace makarantar PA tana da likita a cikin shugabanninta, wataƙila ma shi ne ke zaune a gabansa, kuma aikin da yake nema zama ne da likitoci har ya yi ritaya.

Shawarata, ku gama wannan shari'ar a gida kafin ku tafi. Ku zauna da iyayenku, cikin ladabi, ku yi musu bayanin aikin dalla-dalla. In ka iya gamsar da Baba da Hausa, kwamiti ba zai ba ka wuya da Turanci ba. In kuma a tsakiyar bayanin ka ji zuciyarka tana goyon bayan Baba, to ka saurare ta. Wataƙila likitancin kake so, tsoron tsawon hanya ne ya karkato da kai. Wannan ba abin kunya ba ne, amma gara ka gane shi yanzu.

Batun tsawon hanya da kuɗi kuwa, ban ce ku yi ƙarya ba. Kowa ya san likita a Amurka sai ya yi shekara huɗu bayan digirin farko, sannan ya ƙara uku zuwa bakwai na horon ƙwarewa, da bashin karatu mai nauyi a wuyansa. Kowa ya san matsakaicin albashin PA ya kai wajen dala 130,000 a shekara a 2023. Malaman ma sun sani, da shi suke ciyar da iyalansu. Wanda yake ɗan fari a gidan da ake jiran ya fara ɗaukar nauyin ƙanne, yana da damar ya ce lokaci na cikin abin da ya duba. Amma in wannan ne kan gaba a amsarka, abin da za su ji shi ne kana neman hanya mai sauƙi, su kuma sun san ba ta da sauƙi: shekarar farko karatu ne kamar a yi hauka, ta biyu kuma zagayen asibitoci na wajen awa 2,000, daga sashen yara zuwa na haihuwa zuwa tiyata zuwa masu taɓin hankali. Haka nan masu cewa sun zaɓi PA don su sami lokacin iyali. PA na sashen gaggawa yana kwana a asibiti ranar Sallah kamar kowa. Ke kuma ƙanwata, in maganar aure da 'ya'ya na cikin lissafinki, lissafi ne mai kyau, amma naki ne. Dokar ƙasar ta hana makarantu tambayar mai neman gurbi ko tana da aure, ke ma ba dole ne ki kawo zancen ba.

Dalilan da ke tsayawa da ƙafarsu su ne waɗanda suka fito daga yanayin aikin. Cewa an horar da kai a kan jiki gaba ɗaya, kana iya sauya fanni in buƙatar garinku ta sauya. Cewa ka ga yadda PA da likita ke aiki, ka ga PA ta yanke hukunci ita kaɗai sau ashirin, a na ashirin da ɗaya ta ɗaga waya ta ce zo ka duba mini wannan, kuma hakan ya burge ka maimakon ya ƙona maka rai. Wannan ita ce zuciyar maganar a wurina. Akwai mutanen da ba sa samun natsuwa sai maganarsu ce ta ƙarshe. Ba aibi ba ne, asibiti na buƙatar irinsu, amma ba kujerar PA ce tasu ba. In kai kana cikin waɗanda ke jin daɗin a ce aiki ya yi kyau ko da sunan wani ne a saman takarda, ka faɗi haka, ka kawo ranar da hakan ta faru a wurin aikinka.

Za su iya tambayarka kuma bambancin PA da babbar nas mai duba marasa lafiya, wadda ake kira NP. A shekara ɗaya aka haifi ayyukan biyu, domin a 1965 ne Loretta Ford da Dakta Henry Silver suka fara nasu shirin a Jami'ar Colorado. NP ta hanyar aikin jinya take zuwa, sai ta zama nas tukuna, sannan ta zaɓi rukunin mutanen da za ta ƙware a kansu, kamar yara ko iyali ko masu taɓin hankali. PA kuwa a kan tsarin makarantar likitoci ake koyar da shi, a taƙaice, ba tare da ya zaɓi fanni ba. Ka faɗi wannan, ka faɗi wanda ya dace da kai, ka tsaya. Kada ka kushe nas. Duk wanda ya yi wata shida a asibiti ya san wa ke riƙe da ɗakin marasa lafiya da ƙarfe ukun dare.

Akwai kuma abin da tarbiyyarmu ke jawo mana, wanda littattafan shirin intabiyu ba su san da shi ba. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. An koya mana sunkuyar da kai a gaban babba, da rage murya, da cewa «mun yi» ko da kai kaɗai ka yi. Tarbiyya ce mai kyau, kuma a gefen gadon mara lafiya za ta yi muku amfanin da ba ku zata ba. Amma a ɗakin intabiyu a Amurka, wanda ya kafe idonsa a ƙasa ana ɗaukarsa mara tabbas ko mai ɓoye wani abu, wanda kuma ya yi ta cewa «mun yi» ba a san nasa hannun a ciki ba. Faɗin abin da ya faru ba yabon kai ba ne. «Na lura numfashinsa ya canza, na kira nas» labari ne. «Ni mutum ne mai lura ƙwarai» shi ne yabon kai, kuma abin mamaki shi ne wanda masu kunyar suka fi faɗawa ciki, saboda sun haddace shi daga intanet. Ka dubi mai tambayarka a fuska, ka ce «ni» inda kai ne, ka ce «mu» inda ku ne. In ba ka musabaha da mata, ko ba kya yi da maza, ki ɗora hannu a ƙirji da fara'a, ki yi gaisuwa da baki tun kafin a miƙo hannu, a wuce wurin. Yanzu ma intabiyu da yawa ta bidiyo ake yi.

Addini fa? Da yawanmu dalilinmu na can ƙasa shi ne neman lada, kuma babu wanda ya ce a ɓoye. Kana iya cewa a gidan da ka tashi duba mara lafiya ibada ce, sannan ka nuna inda wannan ya kai ƙafarka. Amma «haka Allah ya nufa», ko da yake gaskiya ce da babu mai ja, ba ta amsa abin da aka tambaye ka. Su sababin suke nema.

Wata amsar da ke da daɗin ji a kunnenmu ita ce: in na gama zan koma gida in taimaki mutanenmu. Ku yi hattara da ita. Nijeriya ba ta da muƙamin PA a tsarin ma'aikatan lafiyarta, abin da ya yi kusa da shi su ne jami'an lafiyar al'umma da ake kira CHO, su kuma hanyar horonsu da rajistarsu daban ce. Malamin da ya san wannan zai gane ba ka yi bincike ba. Kuma makarantu da yawa, musamman na gwamnatin jiha, an kafa su ne don su samar wa yankinsu ma'aikata. Shirin MEDEX har yau alfaharinsa shi ne tura mutane karkara da wuraren da ba su da masu duba su. Ka karanta manufar kowace makaranta kafin ka je, don za su tambaye ka me ya sa su. In taimakon mutanenmu ne a ranka, ai suna nan kusa da kai: tsofaffin da ke zuwa asibiti a New York ba su da mai jin yarensu, matan da ke ɓoye ciwo don mai dubawar namiji ne. Wannan buƙata ce da za ka iya nunawa da yatsa, kuma kai ne ka fi kowa a layin nan sanin ta.

Ku na Ghana lamarinku ya ɗan bambanta. Tun 1969 makarantar Kintampo ke horar da irin waɗannan ma'aikata, yanzu kuma jami'o'i da dama suna ba da digirin, Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ce ke yi musu rajista. A can sau da yawa PA shi ne babba a cibiyar lafiyar karkara, likita yana can asibitin gunduma, tafiyar sa'o'i a kan hanyar da damina ke yankewa. Don haka in an tambaye ka dalili, abin da ke bayan tambayar shi ne ko za ka karɓi aiki in an tura ka ƙauyen da babu wuta, ko kuwa makin shiga likitanci ne bai kai ba ka faɗo nan. Ka san amsarka ta gaskiya kafin ka buɗe baki.

Saura maganar shiri. Wasu makarantun zama ɗaya ake yi da malami ɗaya ko biyu, wasu a rukuni, wasu kuma suna bin tsarin da Jami'ar McMaster ta Kanada ta fito da shi a farkon shekarun 2000, inda za ka yi ta zagaya ƙananan ɗakuna, kowanne da tambayarsa da mai saurarensa, minti kaɗan a buga ƙararrawa ka wuce. A kowane tsari, amsar da aka haddace tana tona kanta. Ido yana tafiya sama, murya ta zama ta mai karanta labarai, da an katse ka da ƙaramar tambaya sai zaren ya tsinke. Mafi muni ita ce amsar da aka kwafo daga bidiyon wani ko aka sa kwamfuta ta rubuta. Kayan aro ba ya rufe katara. Malamin da ya saurari mutum ɗari a wata guda ya san jimlolin nan tun kafin ka ƙarasa su, kuma tambaya ɗaya, «ba ni misali», ta isa ta tsiraita mai aro.

Abin da ya fi shi ne ka riƙe abubuwa uku ko huɗu da suka faru da kai a wurin aiki, ka san su ciki da waje, ka yi ta ba da su ga mutane daban-daban har su zauna a bakinka ba tare da kalmomin sun zama iri ɗaya kullum ba. Ka ba yayarka, ka ba PA ɗin da ka bi, ka ce su katse ka, su ƙure ka. Ka sake karanta bayanin da ka tura ta CASPA daren da za ka tafi, don kada bakinka ya saɓa wa alƙalaminka. In akwai zangon karatun da makinka ya faɗi, za a iya tambaya. Ka faɗi dalili a jimla ɗaya, ka faɗi abin da ka gyara, kada ka ɗora wa malami laifi.

In kuwa ka karanta duk wannan, ka duba cikinka ka ga ba ka da ko labari ɗaya na mara lafiyar da ka taɓa da hannunka, ba ka kuma taɓa yini guda kana bin PA a wurin aikinsa ba, to ina roƙonka kada ka cika takardar bana. Kuɗin nema ba kaɗan ba ne, kuma ba za su sayo maka amsa ba. Je ka yi kwas na mai taimakon nas, ko na ma'aikacin motar asibiti, ko na mai ɗiban jini, ka kama aiki, ka nemi PA ka roƙe shi ya bar ka ka bi shi. CASPA za ta sake buɗewa a Afrilu mai zuwa. Allah ya ba ku sa'a, ya sa ku amfani mutane.